Kafin ka ƙona datarka: yadda nake tsamo fim mai kyau a nan Kurmi

Wata Lahadi cikin watan jiya na dawo daga kasuwa a gajiye, goslon Legas ya gama dafa min kai, na ce bari in ɗan kalli wani abu kafin barci. Ina buɗe waya sai ga hoton wani fim: babban jarumi ya zare ido, mace a gefe tana kuka, an rubuta da jan rubutu wai sabo ne fil. Na danna. Awa ɗaya da 'yan mintoci ina jiran labari ya tashi, bai tashi ba. Jarumin da aka liƙa a hoton sau ɗaya ya leƙo, ya yi sallama, ya sha ruwa, ya fita. Daga baya ma na gano tsohon fim ne aka raba gida biyu aka canza masa suna. Data ta tafi, barci ya tafi. Uwargida tana gefe tana dariya, ta ce, "Maigida, ka ga abin da ya sa ni ba na taɓa fim sai na tambayi maƙwabciyata."

Maganar tata ce ta sa na zauna rubuta wannan, don na san ba ni kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. A Agege nake zaune shekara da shekaru, kuma in ka cire hirar ƙwallo da ta tsadar kaya, tambayar da na fi ji a teburin mai shayi ita ce, "Wai akwai wani fim mai kyau kuwa?" Na tabbata haka take a Sabon Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal. Fim ya yi yawa har ya fi ƙarfin mai kallo, na kirkin kuma sai an tona. Ga shi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, data ta zama abin da mutum ke lallaɓawa kamar man girki.

Da can ba haka muke shan wahala ba. Dattawan unguwar nan suna ba da labarin zamanin silima, lokacin da ake cika Pen Cinema da Danjuma Cinema don kallon Indiya da Canis. Yau Pen Cinema suna ne kawai na mahaɗar hanya da gadar sama da aka buɗe a 2021. Ni zamanin kaset na tarar. Daga Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ake ɗauro su, su biyo motocin kaya, su iso mana bayan 'yan Kano sun riga sun haddace waƙoƙin. Haka Sangaya ya iso mu, haka Wasila. Akwai wani dattijo mai shagon haya a bayan masallacinmu, Allah ya jiƙansa, talabijin ɗinsa ba ta hutawa daga safe har dare, don haka ba kaset ɗin da bai kalla ba. Kuma ya san kowa. Ya san ango, ya san mai 'ya'ya, ya san wanda ba ya son waƙa. In na miƙa hannu zan ɗauki wani sai ya ce, "A'a yaro, wannan ba naka ba ne, rawa ce zalla. Ungo wannan." Bai isa ya cuce ka ba, domin gobe da kanka za ka dawo masa da kaset ɗin, kuma za ku haɗa ido.

Wannan dattijon shi ne abin da muka rasa. Kaset ya mutu, faifan sidi ya biyo bayansa, aka koma wajen masu tura fim a waya, sannan kowa ya tattara ya koma YouTube. Lokacin kullen korona a 2020 ne abin ya kankama, da Izzar So na Lawan Ahmad ya nuna cewa fim mai dogon zango zai iya rayuwa a tasharsa ta Bakori TV ba tare da ya bi ta kasuwa ba. Mu mazauna Kurmi mun ci riba, wannan ba musu. Yanzu daren da ɗan Fagge ya kalli sabuwar fitowa, a daren nan ɗan Idi-Araba zai kalla.

Amma ya kamata mai kallo ya gane yadda kuɗin ke shigowa, don a nan matsalar take. Talla ce ke biyan mai tasha, kuma abin da zai samu yana tafiya ne da yawan waɗanda suka danna da tsawon lokacin da suka zauna. To ka ga duk wanda ba ya tsoron Allah, hoto zai gyara ba labari ba. Labarin da zai ƙare a fitowa goma kuma sai a ja shi kamar ƙosan roba har fitowa sittin. Ita ma manhajar da ke jero maka finafinai ba ta san mai kyau ba, abin da ya riƙe mutane kawai ta sani. Yaronka ya ɗauki wayar ya kalli katun na rabin awa, gobe katun za ta cika maka. Shi ya sa na daina ruɗuwa da yawan waɗanda suka kalla. Ai ni ma an ƙirga ni a cikin dubban da suka kalli wancan shirmen na ranar Lahadi, kuma ba wanda ya tambaye ni ko na ji daɗi.

Abu na farko da nake dubawa yanzu ba fuskar jarumi ba ce. Jarumi ɗan kwangila ne, yau yana nan gobe yana can, zai iya fitowa a fim mai kyau da safe ya fito a na banza da yamma. Sunan wanda ya ba da umarni da na wanda ya rubuta labari nake nema, waɗannan sunayen da ke wucewa a farko muna gaggawar tsallake su. In na ga Aminu Saira, na san ko ban so labarin ba, hoto da sauti ba za su ba ni kunya ba, kuma za a bar ɗan wasa ya yi wasa. Dubi Baba Ɗan Audu da Rabi'u Rikadawa ya fito a Labarina. Tsoho ne mai son abin duniya, marar ta ido, amma duk wanda ya zauna a gidan haya ya san irinsa, wataƙila ma yana bin sa bashi. In na ga Falalu Ɗorayi tare da marubuci Nazir Adam Salih, na san zan yi dariyar da ba ta zagi ba ce. Gidan Badamasi nasu ne: attajiri tsoho mai maƙo, ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya, kowa ya dawo gida yana lissafin abin da zai samu tun mai dukiyar yana numfashi. Abin dariya ne, amma wallahi na san gidaje biyu a garinmu da za su kalla su yi shiru. Kwana Casa'in na Arewa24 kuwa, siyasar wata jiha ce ta ƙirƙira mai suna Alfawa, kuma in kana son ka gane yadda ake juya talaka lokacin zaɓe, Gwamna Bawa Maikada da Sani Mu'azu ya fito zai koya maka.

In ban san kowa a cikin sunayen ba, ba na yanke hukunci, don kowane gwani da sabon shiga ya fara. Sai in yi masa gwajin minti goma. Ina rage ƙarfin hoton zuwa 240 don kada ya sha min data, in kasa kunne. Sauti nake fara ji: in muryar wani tana kusa ta wani tana can ƙasan rijiya, ko kiɗa ya danne magana, an yi aikin gaggawa. Sai magana: haka mutane ke magana a gida, ko kuwa kowa wa'azi yake karantowa? Sai babbar tambaya: a cikin minti goman nan na san wa ke neman me, kuma wa ya tare masa hanya? In har yanzu mota ce ke shigowa, maigadi yana buɗe ƙofa, ana fakin, ana fitowa, ana gaisuwa ta minti huɗu har da tambayar kaji, to cike lokaci ake yi. Sai in fita abina, ba faɗa.

Duk wannan dabara ce ta wanda ba shi da mai ba shi shawara. Gaskiyar magana, finafinan da suka zauna min a rai kusan duk daga bakin mutum na same su. Sai dai shawara ma tana da ilimi. Kuskuren da muke yi shi ne mu ce, "Wane fim ne mai kyau?" a ce mana wane, mu ruga. Mai kyau a wurin wa? Ina da aboki tela, mutumin kirki, amma shi in ba a fasa gilashin mota ba, ba a yi fim ba. Sau uku ina bin maganarsa ina dawowa da ciwon kai. Na huɗun ne na gano amfaninsa. Ya ce min, "Kai Malam, kar ka ɓata lokacinka a kan wancan, surutu ne kawai, ko mari ba a yi ba." Na je na kalla, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda na fi so. Tun daga ranar, abin da ya kushe shi nake nema. Bai sani ba, kuma don Allah wanda ya gane shi kada ya faɗa masa.

Saboda haka in mutum ya ce min fim ya haɗu, tambaya ɗaya nake masa: me ya burge ka a ciki? Amsar ita za ta nuna min ko bakinmu ɗaya. Ni ma in zan ba wani, na daina cewa "ya yi kyau" kawai. Ina faɗa masa da wane fim ya yi kama, ko yana jan ƙafa a farko, ko za a iya kallonsa da yara, ko kuwa irin wanda in suruka ta shigo sai ka nemi rimot ne. Ƙarshen labari kam ba na faɗa. Masu faɗar ƙarshen fim, ku ji tsoron Allah.

Tunda na tona asirin tela, bari in tona nawa. Ni mutum ne mai son fim ɗin magana: rikicin gado, zaman kishiyoyi da aka rubuta da hankali, tsofaffi masu baki. Waƙa ina tura ta gaba, duk da cewa in aka saki ta zamanin Sangaya a shagon aski, sai in tsinci ƙafata tana motsi. Barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro har gobe ina komawa gare shi. Tun rasuwarsa a Disambar 2014 an yi masu ban dariya da yawa, amma shi ko shiru ya yi ya kalli mutum sai ka dara. A Indiya, Sholay na 1975 ba ya tsufa a wurina, sai Drishyam na Ajay Devgn, labarin uban da bai yi zurfi a boko ba amma ya tsaya kai da fata ya kare iyalinsa. Uwargida kuwa Indiya-Hausa ce tata, fassarar Algaita. Mun sha gardama a kan wannan. Ni ina ganin masu fassara kan cusa barkwancin da ba ya cikin fim ɗin, ita kuma ta ce ai barkwancin take so, kuma tana iya tsintar shinkafa tana saurare ba sai ta ƙura wa rubutu ido ba. Na rasa amsar da zan ba ta, don haka an raba dare: Laraba nata, Asabar nawa.

Akwai wata dama da mu 'yan Kurmi muke da ita wadda ba mu cika amfani da ita ba. Muna jin Yarbanci ko Ibo daidai gwargwado, muna jin buroka, ga finafinan maƙwabtanmu a gabanmu. Na san abin da ke korar da yawanmu: an daɗe ana nuna Bahaushe a matsayin maigadi mai gurɓataccen Turanci da rediyo a kunne, a yi dariya a wuce. Abin yana min ciwo ni ma. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Wanda bai kalli October 1 na Kunle Afolayan ba, wanda ya fito a 2014, ya neme shi. Marigayi Sadiq Daba ne ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda ɗan Arewa da Turawan mulki suka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ana saura kwanaki a karɓi 'yancin kai, ya binciko mai kashe 'yan mata. Ga shi baƙo, ba ya jin yaren garin sai da tafinta, ga sarauta, ga Turawa suna matsa masa ya rufe magana kafin ranar biki. Akwai wurin da zargi ya faɗa kan wani baƙo ɗan Arewa don kawai shi ne baƙon da ke kusa. Da na zo wurin sai da na dakatar da fim ɗin na ɗan yi shiru, domin duk wanda ya zauna a Sabo ko Zango ya san wannan tsoron, na ranar da wani abu zai faru a gari a waiwayo a ga kai ne bare. Sai dai ba na yara ba ne, a bari su yi barci.

Lionheart na Genevieve Nnaji, na 2018, ya fi sauƙi. Kamfanin motocin sufuri ne na wani iyali a Inugu bashi ya taso shi gaba, mafitar kuma ta ɓullo ta hannun wani attajiri ɗan Kano, Alhaji Maikano, wanda Sani Mu'azu ya fito, Yakubu Muhammad kuma ɗansa. Wurin da Pete Edochie, wanda a Zariya ya yi karatu, ya juya harshe ya yi wa Alhajin Hausa, na maimaita shi ya fi sau uku. A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a ƙarshen 2023 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a silima, shi ma akwai namu a ciki: uwa ɗaya, 'ya'ya biyar, kowa da ƙabilar ubansa, Uzee Usman ne Adamu.

Maƙwabcina Bayarabe, wanda a Agege aka haife shi kuma Hausarsa ta fi ta 'ya'yana, shi ya haɗa ni da Saworoide na Tunde Kelani, fim ɗin 1999 a kan sarkin da ya hau gado ya ƙi yin alkawarin da ke ɗaure sarki da talakawansa. Ni kuma na ba shi Kwana Casa'in. Bayan sati biyu ya tare ni a bakin famfo ya ce, "Aboki, ashe ɓarayinmu da naku uwarsu ɗaya."

Na ce Hausarsa ta fi ta 'ya'yana, kuma ba wasa nake ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa zaɓen fim ya wuce nishaɗi a gidana. Yarana a nan aka haife su. A makaranta Turanci, a layi Yarbanci da buroka, Hausa sai in za a yi musu faɗa ko a aike su. Wani dare muna kallon Daɗin Kowa, aka ce wani yana jira a zaure, sai ɗana na tsakiya ya juyo ya ce, "Baba, mene ne zaure?" Jikina ya yi sanyi. Yaron da kakansa ya yi rayuwarsa kaf a zaure, a nan ya karantar, a nan ya yi sulhu, a nan aka yi masa sallah. Ba laifin yaron ba ne, a ɗaki biyu da baranda ya tashi, ina zai ga zaure? Tun daga nan nake zaɓar abin da za mu kalla tare da wannan a raina. Ina neman fim ɗin da ake Hausa cikakkiya, ba wadda rabinta Turanci ba ne a falon da ya fi na gwamna. Daɗin Kowa yana min wannan aikin, don garin nasu gari ne irin namu, da mai shayi, da malamin allo, da Kamaye da Adama suna ta fama, har da waɗanda ba Hausawa ba suna zaune a cikinsu, kamar yadda mu ma muke zaune a cikin wasu. In aka faɗi kalmar da ba su sani ba sai mu tsayar, uwarsu ta fassara, wani lokaci mu yi gardama ni da ita don ita Bazazzagiya ce.

Ba Hausa kaɗai nake ba su ba. Children of Heaven, fim ɗin Iran na 1997 na Majid Majidi, shi ne fim na farko da na ga babbar 'yata ta yi hawaye a kansa. Yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suna tsoron faɗa wa ubansu don sun san ba shi da shi, sai suka koma karɓa-karɓa da nasa, ita ta je makarantar safe ta rugo ta ba shi. Daga baya aka sa gasar gudu wadda wanda ya zo na uku ake ba takalmi. Iya nan zan tsaya. Ƙa'idata dai ɗaya ce, duk abin da za su kalla sai na riga su leƙawa, ko da a guje ne, domin hoton waje ba ya faɗin abin da ke ciki ko da fim ɗin na gida ne.

Wani ɗan abu kafin in manta: in ka samu fim ɗin da ka so, ka neme shi a tashar masu shi, ba a ta waɗanda suka kwafa suka liƙa tambarinsu a kai ba. Datar ɗaya za ka kashe, bambancin kawai aljihun da kuɗin tallar zai shiga. Mai hali kuma ya biya a manhaja irin Northflix. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na sha miƙa wa masu turi wayata a cika min, kuma 'yan uwanmu ne masu neman abinci. Amma in wanda ya kashe kuɗi ya yi aiki mai kyau bai mayar da uwar kuɗinsa ba, gobe shi ma zai koma jan labari da gyaran hoto.

Yanzu ina da ɗan littafi a aljihun gaban riga, wanda nake rubuta bashin kwastomomi, shafin ƙarshe na finafinai ne: sunan fim, da wanda ya faɗa min. Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, yana ciki ban kai gare shi ba tukuna. Jiya da daddare kuma na biya ta shagon tela karɓar ɗinkin yara, na tarar yana mita. Wai an tura masa wani sabon fim, ya yi barci tun ba a yi nisa ba, ba faɗa, ba waƙa, wasu tsofaffi ne kawai suke ta gardama a kan gona.

Na ce, "Subhanallahi, ɓata lokaci. Ya ma sunansa?"

Ya faɗa min. Ina fita na tsaya wajen mai kati.